Wutsiyar Jirgin da Yayana Ya Yi wa Fenti

Duk wanda na gaya wa cewa na taɓa haɗa jirgin sama da hannuna a garin Makka, sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Na wasan yara?" Ba na wasan yara ba ne, malam. Jirgi ne na alminiyam, mai kujera biyu da inji ɗaya a hanci, kuma na shiga cikinsa ya tashi da ni. Sau ɗaya ne tak, saura ƙiris kuma ya zama ita ce tafiyata ta ƙarshe. A kan maganar yayana na ɗora raina ranar, yayana uwa ɗaya uba ɗaya.

Mu haifaffun unguwar Mansur ne a nan Makka. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan kafin ya tsallako, shi ya sa Hausarmu ta gida take da ɗanɗanon Kano ko da yake rabinta Larabci ne. Mahaifinmu tsire yake sayarwa a bakin titi, ya rasu ina ƙarami. Yaya ne ya bar makaranta ya shiga warsha, wurin gyaran jikin mota, don ni in ci gaba da karatu. Shi ya yi ta saya mini takalmi, shi ya yi ta zane ni in na yi fashin aji, kuma wallahi hannunsa ba sauƙi. Ya zama gwanin fenti. Mota za a kawo masa ta murƙushe kamar gwangwanin da aka taka, ya mayar da ita ta fi sabuwa ƙyalli. Ni kuma na yi makarantar koyon sana'a, na kama aikin gyaran manyan injinan sanyaya ɗaki a otal-otal na kusa da Harami.

Mai warshar da Yaya yake aiki wani dattijon Balarabe ne mutumin unguwar Zahir, tsohon matuƙin jirgi da ya yi ritaya. Shi ne kafilin Yaya, wato iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannunsa take. Kowa Kyaftin yake ce masa. Mutum ne mai raha, amma zaman gida ya ishe shi, sai ya yi odar ƙaramin jirgi irin wanda ake turowa gunduwa-gunduwa a akwatuna, mutum ya haɗa abinsa da kansa. Ya ajiye akwatunan a wani fili mai katanga da yake da shi a bayan gari, ya kafa rumfa, ya ce yana neman hannu biyu. Yaya ya ce yana da ƙane mai shegen son ƙarafa. Haka na shiga.

Mun yi shekaru muna abin nan, duk ranar hutu. Mu sayi burodin tamis da waken ful a hanya, mu isa da hantsi, mu yi ta huda alminiyam muna buga ƙananan ƙusoshi har yatsu su mutu. Kyaftin yana zaune da tabarau a karan hanci yana karanta zane, yana kirana "ya muhandis", wato injiniya, don tsokana, ni kuma in ce masa ya bari sai ranar da abin ya tashi. Ni da Yaya ba mu taɓa shaƙuwa irin ta lokacin ba. A gida shi babba ne, ba na ko zama kusa da shi. A rumfar nan kuwa sai ya riƙe mini ƙarfe ina hudawa, har ya yi mini ba'a in na karkace rami.

Da muka zo kan wutsiya ne Kyaftin ya ajiye zanen ya ce mu zauna. A bayan wutsiyar jirgi akwai wani marfi mai faɗi da yake lilo sama da ƙasa, kamar ƙyauren taga da aka kwantar. Shi matuƙi yake motsawa da sandar tuƙi in yana son jirgi ya ɗaga hanci ko ya sunkuya. Kyaftin ya ɗauki siririn gwangwani ya riƙe a gaban fankar rumfa. Da fanka tana a hankali, gwangwanin ya tsaya shiru. Da ya ƙara mata ƙarfi sai ya fara kaɗawa, far-far-far, har ya kusa kuɓuce masa.

"Wannan ita ce rafrafa," in ji shi. "Ku a yarenku me za ku ce?"

Na ce karkarwa.

Ya yi mana bayani a tsanake. Iska tana ɗan lanƙwasa wutsiya, wutsiya ta dawo. In bayan marfin nan ya fi gabansa nauyi, sai ya makara wajen dawowa, makarar nan kuma ita take ba iska dama ta sake bugunsa da ƙarfin da ya fi na farko. Kowane bugu ya fi na baya. Ba ta faruwa sai jirgi ya kai wani gudu, amma in ta fara, kafin ka gama salati wutsiyar ta cire. Maganinta shi ne a sa dalma a gaban layin da marfin yake juyawa a kai, har nauyin gaba da na baya su daidaita. Gwajin kuma ba wuya: a cire marfin, a ɗora shi a kan ƙarafa biyu masu kaifi, a sake shi. In ya tsaya a kwance, lafiya. In bayansa ya faɗi, ba a tashi. Kuma duk abin da aka ƙara masa daga baya, ko fenti ne, sai an sake gwadawa.

Yaya ya yi dariya. "Haba Kyaftin, fenti ma nauyi ne da shi?"

Kyaftin ya nuna masa galan ɗin fenti a gefen rumfa ya ce ya ɗaga da ɗan yatsa. Yaya ya gwada ya kasa. "To in ka fesa shi, ina nauyin yake zuwa?"

Yaya ya jinjina kai ya ce lallai yau ya ƙaru. Shi da kansa ya narka dalmar a murhun gas, shi ya riƙe ɗaya gefen marfin da muka ɗora shi a kan ƙarafan, shi ya fara cewa "Masha Allah" da ya tsaya cak. Ina faɗin wannan dalla-dalla don kada wani ya ce mini daga baya mutumin bai sani ba.

Jirgi ya haɗu. Masu duba irin waɗannan jirage suka duba, takardu suka fito, muka cire fukafukai muka ɗora shi a tirela zuwa wani ƙaramin filin masu sha'awar tuƙi, can nesa ta hanyar bakin teku, don ba a tashin jirgi kusa da Harami. Kyaftin shi kaɗai yake tashi a lokacin, jirgin kuma ba fenti, tsirararsa yake ƙyalli a rana. Kowane tashi sai ya ƙara gudu kaɗan, ya ɗan bugi sandar tuƙi, ya saurara ya ji ko motsin zai mutu da kansa. Kullum yana mutuwa. Sai da ya kai iyakar gudun da aka yarda wa jirgin, sannan ya ce yanzu a mayar da shi rumfa a yi masa kwalliya, kuma tashin farko bayan fenti da ni za a yi. A gaban Yaya ya faɗa. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Auta zai riga ni ganin Makka daga sama." Na ce masa ai ba za mu ko hango ta ba, ya ce duk ɗaya ne.

Sai aikin Hajji ya shigo. Wanda yake gyaran sanyi a otal ya san abin da nake nufi: ba ka da kanka sai alhazai sun watse. Kyaftin kuma ya tafi ganin likita a wani gari. Fenti ya rage a hannun Yaya shi kaɗai, wanda dama fagensa ne.

Ranar da na samu kaina na koma rumfa, na tsaya a bakin ƙofa na buɗe baki. Fari ƙal, da koren layi tun daga hanci har wutsiya. Kai, Yaya ya iya aiki! Na zagaya ina shafawa. Da na zo baya sai na ga marfin wutsiya an riga an mayar da shi, an ɗaure komai, an sa wayar kulle ƙusoshi. Na ɗauko sifana.

"Me za ka yi?" in ji Yaya.

"Zan cire in ɗora a ƙarfe, Yaya. Ka san an yi fenti."

"Na gwada."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ya ɗan sunkuya, na ƙara dalma, ya tsaya. Kalas."

Na ce to ba komai, bari in sake gani da idona, hankalina ya kwanta. Nan fuskarsa ta sauya. Ya ajiye tsumman hannunsa a hankali, ya dube ni irin kallon da yake mini ina yaro.

"Wato ƙarya nake yi."

"Ban ce ba, Yaya."

"Ka ce mana. Ni na ce na gwada, kai ka ɗauki sifana. Ni da na goya ka a bayana zuwa asibiti? Ni zan bari ka shiga abin da ban tabbatar ba?" Ya juya ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga yatsa. "Wallahil azim na ɗora shi a ƙarfe, kuma ya tsaya."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana in cire duk da haka. A gidanmu, babba ya rantse maka yana fuskantar Ka'aba, kai kuma ka bi bayansa da awo, ka gama zaginsa ke nan, zagin da ba ya goguwa. Innarmu ko sunansa ba ta faɗa don kunyar ɗan fari, ni ne zan ƙaryata shi? Na mayar da sifana cikin akwati, na ba shi haƙuri. Da Kyaftin ya dawo ya tambaya, na gaya masa gaskiya cewa Yaya ne ya gwada. Ya ce maganar mutumin da ya yi shekara da shekaru yana riƙe masa warsha ta ishe shi. Kuma ni har gobe ban ga laifina ba don na yarda da ɗan'uwana.

Muka sake kai jirgin filin tashi, da ranar ta zo kuma da safe muka tashi, kafin rana ta yi zafi. Ba zan ɓoye ba, na yi murna kamar yaro. Ƙasa ta janye daga ƙarƙashinmu, duwatsu suka ƙanƙance, can gefe teku ya bayyana. Kyaftin yana ta yi mini ihu a abin kunne, "Ya muhandis, ya tashi ko bai tashi ba?" Ni dariya kawai nake yi, ina ta hamdala. Muka yi sama sosai, muka zagaya. Sai ya ce bari ya nuna mini yadda yake gudu, ya ɗan sunkuyar da hanci. Gudun da ya sha yi ne shi kaɗai, bai ma kai iyaka ba.

Na fara jin abin a kujera kafin in ji shi a kunne. Wani zuuu, kamar an kunna injin huda ƙarfe a bayana. Kafin in juya, sandar tuƙi ta haukace. Tana bugun gaba da baya da saurin da ido ba ya iya bi, allon agoguna ya zama hazo, haƙorana suna haɗuwa. Na ji ƙarfe yana kuka a baya, ƙarfen da ni na huda da hannuna. Kalmar shahada ta zo bakina da kanta. Kyaftin ya janye wuta gaba ɗaya, ya kama sandar da hannu biyu ya ɗan ja ta a hankali don gudu ya ragu. Na ga jijiyoyin hannun tsohon nan sun miƙe. Sai abin ya tsaya, kamar yadda ya fara.

Muka lallaɓa muka dawo a hankali. Da jirgin ya tsaya na fito, na zauna a kan yashi na yi amai. Sannan muka zagaya baya. Fatar wutsiyar ta yamutse, ƙusoshi da yawa sun fita, ɗaya daga cikin maɗauran marfin ya tsage saura kaɗan ya rabu. Kyaftin ya sa yatsa a tsagar, ya daɗe bai cire ba.

A wurin muka kwance marfin. Tun da na ɗauke shi hannuna ya gaya mini. Muka samo ƙarafa biyu muka ɗora, muka saki. Bayansa ya faɗi ƙwal a kan benci, ko jinkiri bai yi ba. Na duba dalmar. Ita ce dai wadda muka sa tun farko, ba a ƙara ko ƙwaya ba. A ƙasan marfin kuma, ta gefen baya, fentin ya tsage, na sa sukundireba na ɓanɓara. Sai ga ma'ajun, ƙullin nan da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi. Ya yi kaurin yatsa, faɗinsa ya fi tafin hannu biyu. A ƙarƙashinsa alminiyam ya lotse, an bubbuga an miƙe shi, an lulluɓe. Aiki mai kyau ƙwarai, ko ni da na shafa wurin da hannuna ban ji komai ba.

Kyaftin ya cire tabarau ya goge. "Je ka wurin ɗan'uwanka," in ji shi. "Ni yau ba zan iya kallon fuskarsa ba."

Duk hanya ina nema masa mafita. Wataƙila wani ne ya shiga rumfa ya yi. Wataƙila ya gwada kafin ya sa ma'ajun ɗin, ya manta. Wataƙila ya zaci nauyin bai kai ya yi illa ba. Wallahi da ya ba ni ko ɗaya daga cikin waɗannan da na karɓa da hannu biyu, don ba na son in rasa shi.

Na same shi a gidan Inna a Mansur bayan azahar, yana zaune a tabarma, an ajiye masa abinci bai taɓa ba. Da ya gan ni ya miƙe zumbur, ya ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban san shi da ita ba. Na ajiye ɓallin ma'ajun ɗin a gabansa, kusa da kwanon. Ya dube shi, ya koma ya zauna.

Inna ta fito daga ɗaki tana tambayar lafiya. Na gaya mata komai, a tsaye, ban ko gaishe ta ba, abin da ban taɓa yi ba. Ba ta fahimci zancen dalma da nauyi ba, amma ta fahimci cewa na kusa mutuwa, ta zauna a bakin ƙofa tana salati.

"Yaya, me ya samu marfin?"

Ya ce yana juya mota a cikin fili ya bugi bencin da ya shanya shi, ya faɗo a kan dutse. Sabo sai an yi oda daga waje, sai Kyaftin ya sani. Tun da yake aiki a warshar nan ba a taɓa cewa ya ɓata wa wani kaya ba, bai san da wane baki zai faɗa ba.

"Ka ɗora shi a ƙarfe?"

Ya sa yatsa yana juya ɓallin ma'ajun ɗin.

"Yaya, ka rantse mini. Ka ɗora?"

"Na ɗora," in ji shi a hankali. "Ya faɗi."

Ashe rantsuwar ma rabinta ce gaskiya. Ya gwada, ya ga bayan ya faɗi da idonsa. Dalmar da za ta daidaita nauyin nan ta fi ƙarfin wurin da aka tanada mata, in ya ƙara sai an gani. Sai ya mayar da shi haka, ya ɗaure, ya sa wayar kulle da kyau.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Na yi masa ihu a gaban Inna, na ce masa maci amana, na ce da baƙo ne ya yi mini haka da sauƙi. Inna ta kama rigata tana kuka, tana cewa in rufa wa babba asiri, tun da Allah Ya tsare, in je in ba Balaraben haƙuri kada ya taɓa masa iƙama, iyalinsa fa. Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma na lura ba wanda ya ce masa ya ba ni haƙuri.

Na durƙusa a gabansa, don ina son in ga idonsa. Tambaya ɗaya ta rage mini.

"Ka san ni zan shiga. A gabanka aka faɗa. Ka san yau ne."

"Na sani."

"To me ka yi, Yaya? Da ka tashi yau da safe ka san ƙanenka yana hanyar fili, me ka yi?"

Sai ya ɗago, idanunsa jajur, ya faɗa mini da zuciya ɗaya, kamar mai kawo hujjar da za ta wanke shi.

"Harami na tafi, Auta. Tun asuba ina ɗawafi, ina roƙon Allah Ya sauko da kai lafiya. Ban zauna ba sai da ƙafafuna suka kumbura."

Na dube ƙafafun. Da gaske sun kumbura. Wayarsa kuma tana nan a gefen tabarma, lambata a ciki. Allah Ya karɓi ɗawafinsa, ni shaida ne, tun da ga ni a raye. Amma ni abin da nake buƙata daga wurinsa a safiyar nan bai kai wahalar zagaye ɗaya ba: ya kira ni ya ce kada in hau.

Na miƙe na sa takalmina. Inna tana kira na, ban juya ba.